Fatawa: Magena ta ɓata, ya halatta a yi cigiyarta a masallaci, in kuma sa tukuici?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazauniyar Badarawa ce a nan Kaduna. Ina da mage da na raina tun tana 'yar ƙarama, shekararta uku a hannuna, ko tsakar gida ba ta cika fita ba balle waje. Ranar Asabar masu gyaran famfo suka bar ƙofa a buɗe, ƙarar aikinsu ta firgita ta, ta fice. Yau kwana biyar ke nan. 'Yata mai shekara bakwai kullum cikin kuka take. Maigidana ya ce zai roƙi ladan ya yi cigiya a lasifika bayan Magariba. Ni kuma na aika wa matan unguwa cewa duk wanda ya samo ta zan ba shi tukuici. Wata maƙwabciyata ta ce ta san wani mai bugun ƙasa da zai faɗa mini inda take. Wani yaro ya ce ya hango irinta a gidan da ke bayanmu, amma mutanen gidan sun ce ba su gan ta ba. Hajiyarmu kuwa, mahaifiyar maigida, cewa ta yi abin kunya ne, mutane na neman abin sawa a baki ni ina neman mage, kuma wai dama baƙar mage ba a ajiye ta a gida. Malam, ina da laifi? Wanne zan yi, wanne zan bari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, ba ki da zunubi a kan fitar da ta yi, tunda ba ke kika kore ta ba, kuma ba ganganci kika yi ba. Amma nemanta haƙƙi ne a kanki, kuma dalilin yana cikin tambayarki, inda kika ce ko tsakar gida ba ta cika fita ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an yi wa wata mata azaba saboda mage da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Daga wannan hadisi malamai suka fahimci cewa tsare mage a gida halal ne, muddin za a ɗauki nauyinta. Wato dabba tana da hanyoyin rayuwa biyu: ko dai ta nema da kanta, ko wanda ya tsare ta ya nema mata. Haka yake a fiƙihunmu na Malikiyya, Shehu Halil, mai littafin fiƙihu na Muhtasar, ya ce ciyar da dabbar da mutum ya mallaka wajibi ne a kansa idan babu makiyayar da za ta ci da kanta. To ke shekara uku kina rufe wa wannan mage hanya ta farko. Ba ta san titi ba, ba ta san kare ba, ba ta taɓa kokawa da muzurun bola a kan ƙashin kifi ba. Magen da ta saba yawo in ta kwana biyar ba a gan ta ba, ana iya cewa tana can tana sha'aninta. Taki ba haka take ba. Saboda haka abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, nemanta daidai iyawa wajibi ne a kanki matuƙar kina da rinjayen zaton tana raye kuma tana cikin wahala, ba tare da kin tozarta salla, ko haƙƙin miji da 'ya'ya, ko kin jefa kanki cikin hatsari ba.

Maganar Hajiya kuwa, a saurare ta da ladabi, kada ki mayar mata da magana. Akwai gaskiya a ɓangaren abin da ta faɗa: wanda yake kashe dubbai a kan abincin gwangwani na mage alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa, ya duba kansa. Amma tausayin dabba ba ya rage tausayin mutum. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkatar wa mage kwanon alwalarsa har ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya gaya mata cewa Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Shi kansa Abu Huraira, wanda ya fi kowa ruwaito hadisi, daga 'yar magen da yake yawo da ita ya samo wannan alkunya. Batun baƙar mage kuma, babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ware ta da wani hukunci. Hadisin da mutane ke jawowa a kan baƙin kare ya zo. Gaskiya ne wasu malamai sun ambaci cewa aljani na iya rikiɗa ya ɗauki siffar dabba, amma ba a gina hukunci a kan haka har a ce magen da ta shekara uku tana cin tuwonki ta zama abin tsoro. Wannan camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya kore camfi. Ki bar maigida ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani, daga bakinsa zai fi shiga.

Sai cigiya a masallaci. Wannan kam a bar shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ji mutum yana cigiyar abin da ya ɓace masa a masallaci, ya ce masa kada Allah ya mayar maka da shi, domin ba don haka aka gina masallatai ba. A wata ruwayar ta Buraida, wani mutum ne ya miƙe yana tambayar jan raƙuminsa, aka ce masa kada ka same shi. Raƙumi fa, dukiyar da Balarabe ya fi ji da ita. In ba a yi wa raƙumi rangwame ba, ba za a yi wa mage ba. Lasifika ba ta canja hukuncin, tunda mai maganar a cikin masallaci yake tsaye, kuma kayan an saye su ne da kuɗin jama'a don kiran salla da karatu. Na san za a ce ai kullum muna jin cigiyar yara a masallatan Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Wannan daban ne, ran ɗan Adam ne ke cikin hatsari, kuma da yawa daga malamai sun yi sauƙi a kansa saboda lalura.

Hanyar da ta halatta tana nan kusa. Malamanmu da suke bayanin inda ake sanar da tsintuwa, ƙofar masallaci suka ambata, daga waje, saboda nan jama'a ke taruwa. Maigida ya tsaya a waje bayan an sallame ya gaya wa mutane, musamman masu fitowa Asuba, don su ne ke tafiya a lokacin da unguwa ta yi tsit, mage mai tsoro take samun zuciyar leƙowa. A gaya wa mai unguwa, da masu gadi, da mai shayi, da mai tsire.

Tukuici halal ne. Sunansa a fiƙihu ju'ala, asalinsa kuma yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda masu cigiyar ma'aunin sarki suka ce wanda ya zo da shi yana da kayan raƙumi guda. Sai dai akwai gyara a yadda kika yi. Kin ce "tukuici" kawai, ba ki faɗi nawa ba, kuma sharaɗin ju'ala shi ne ladan ya zama sananne. Wannan sharaɗi yana da hikima da kowa ya sani a unguwa: ke a ranki naira 5,000 ce, shi wanda ya kwana biyu yana leƙa kwalbati a ransa 20,000 ce, sai a rabu da ɓacin rai. Ki sake aika saƙon ki yanke adadi. Mai littafin fiƙihu na Risala, Ibn Abi Zaid, ya kawo misalin dawo da raƙumin da ya gudu, ya ce ba a yanka wa ju'ala wa'adi, kuma mai aikin ba shi da komai sai aiki ya kammala. Saboda haka duk wanda ya bugo waya ya ce ya gan ta a Mando ko Unguwar Mu'azu amma sai kin fara tura masa kuɗin mota, ba ki da wajibin ba shi ko sisi, kuma galibi irin waɗannan 'yan damfara ne. Kada kuma wani ya rikita ki da hadisin Jabir da ya zo a Muslim na hani ga kuɗin mage. Wancan maganar saye da sayarwa ce, wadda ma malamai suka yi saɓani a kanta, mafi yawansu suna halattawa. Abin da za ki bayar ladan wahalar nema ne, magen dama taki ce.

Wata shawara daga hadisin tsintuwa na Zaidu ɗan Halid: Annabi (SAW) ya umarci wanda ya tsinci kuɗi ya kiyaye siffar jakar da maɗaurinta, don da su za a gane mai gaskiya idan ya zo. Ke ma ki yi amfani da wannan ta ɗaya gefen. Ki bayyana launinta da girmanta, amma ki ɓoye alama ɗaya, kamar tabo a kunne ko farin gashi a ƙirji, wadda za ki tambayi duk mai cewa tana hannunsa. Kuma ki ja wa yara kunne cewa tukuicin na wanda ya nuna inda take ne. In ba haka ba za su bi ta da duwatsu da sanduna, su kore ta nesa, su kuma cika miki ƙofar gida da magen kowa a cikin buhu.

Mai bugun ƙasa haramun ne, babu saɓani. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Imamu Bagawi da yake fassara kalmar da ta zo a hadisin, cewa ya yi shi ne mai da'awar sanin inda kayan sata suke da inda dabbar da ta ɓata take, wato daidai abin da maƙwabciyarki ta kwatanta miki. Ko da rawani ya naɗa, ko da allo ne a gabansa, hukuncin ɗaya ne. Kuma na sha ganin ƙarshen irin wannan: ba ya taɓa cewa bai sani ba, sai ya ce wata mata ce doguwa a gabas da gidanki, daga nan zumuncin shekara ashirin ya watse. Ki yi addu'a da kanki, da harshenki. Ki faɗi abin da Annabi (SAW) ya koya wa Ummu Salama: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ki koya wa 'yarki ita ma, kada a yi mata dariya a kan kukanta. Annabi (SAW) da kansa ya tsaya ya rarrashi ƙanin Anas, Abu Umair, a kan ɗan tsuntsunsa da ya mutu.

Maƙwabtan da yaro ya ambata, maganarsu za ki ɗauka. Shaidar yaro guda da ya hango "irinta" ba ta isa a tuhumi Musulmi ba, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana mu yawan zato da bin diddigi, Suratun Nur aya ta 27 kuma ta hana shiga gidan mutane sai da izini. Kada a ɗora yaro a katanga ya leƙa. Mai yiwuwa ne ƙwarai yaron ya faɗi gaskiya su ma sun faɗi gaskiya, domin magen ɗaka idan ta firgita ba ta yin nisa, kuma ba ta kuka. Maƙalewa take yi a lungu mafi kusa ta yi shiru, ko sunanta kike kira ba za ta amsa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan mage 1,210 da suka ɓata ya nuna kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka samu, a cikin mita 500 daga inda suka fice aka same su, kuma na ɗaka sun fi kowa tsayawa kusa. To ki je da sallama ki roƙe su su bar ki ki duba bayan tankin ruwa, ƙarƙashin janareto, cikin silin, ɗakin ajiya, da tarin itace ko bulo. A duba shagon da aka kulle tun ranar Asabar, da kangon da ke kusa. Masu mota su bubbuga murfin inji kafin su tayar, don mage na shiga can neman ɗumi. Da dare a yi amfani da tocila, idonta zai yi ƙyalli, amma wannan fitar maigida ya yi ta. Ki ajiye tsumman da take kwanciya a kai da ɗan abinci mai ƙamshi a bakin ƙofar da ta fita.

Idan kuwa ta tabbata wani ya kama ta ya ɓoye alhali ya san tana da mai ita, to ya ji hadisin Muslim: wanda ya ajiye ɓatacciyar dabba shi ɓatacce ne matuƙar bai yi cigiyarta ba. Ba ya halatta ya riƙe ta sai an biya shi fansa. Ke kuma hanyarki mai unguwa ce da dattawan layi.

In Allah ya sa ta dawo, ki fara ba ta ruwa da abinci kaɗan-kaɗan. Idan kin ga rauni ko alamar cizo, a kai ta wurin likitan dabbobi kafin 'yarki ta rungume ta, saboda cutar haukan kare tana kama mage kuma tana wucewa ga mutum. In kuma makonni suka shuɗe, kin duba inda ya kamata, kin tambayi waɗanda suka kamata, wajibcin nema ya sauka daga kanki. Alkawarin tukuicin dai yana nan a wuyanki har sai kin sanar da janye shi, don haka wanda ya kawo ta bayan wata biyu a kan alkawarin da kika yi, sai kin biya shi.

Wallahu a'alam.