Ku Tambaya Mu Amsa: Sana'ar DJ da Haɗa Kiɗan Na'ura

Wasiƙun wannan makon sun karkata kan kiɗan rawa na na'ura. Mun zaɓi huɗu, muka miƙa su ga masu haɗa sauti da ke taimaka wa wannan fili.

Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina saka waƙoƙi a bukukuwa da kwamfutata, amma hankalina yana kan hawus da tekno, irin kiɗan nan zalla da nake gani a YouTube. Me ake nufi da andagirawun, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Andagirawun shi ne kiɗan da ba gidan rediyo ko babban kamfani ne ya ɗaga shi ba, sai ƙananan wuraren rawa da 'yan tsirarun da suka san daɗinsa. Hawus ya taso a Shikago ta Amurka a farkon shekarun 1980, kuma sunan ya samo asali daga gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles yake saka faifai. Tekno kuwa ɗan birnin Ditroyit na Amurka ne, daga hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Na'urorin gangar da suka yi suna a wannan kiɗa, TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, kamfanin Roland ne ya ƙera su, ba su yi kasuwa ba, suka koma gwanjo, matasa marasa kuɗi suka saye da araha. Don haka kada rashin manyan kaya ya karya maka gwiwa.

A biki kai ɗan aike ne: uwar amarya ta ce a saka waƙa kaza, ka saka. A nan kuwa kai ne direba. Za ka ɗinke kiɗa ashirin ko talatin su zama abu guda na tsawon awa biyu, ba tare da mai rawa ya gane inda wani ya ƙare ba. Tushen aikin shi ne daidaita bugu. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a minti ɗaya: hawus tsakanin 120 da 128, tekno daga wajen 125 zuwa 140, amapiyano na Afirka ta Kudu wajen 110 zuwa 115.

Ka samu ƙaramar na'urar sarrafawa mai faranti biyu, irin Pioneer DDJ-400 ko ƙanwarta DDJ-FLX4, da hedifon mai rufe kunne. Ka zaɓi kiɗa biyu da saurinsu bai wuce tazarar bugu uku ba. Na farko yana fita a sifika, na biyu yana kunnenka kai kaɗai. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu har sau takwas. Bugu 32 ke nan, kuma galibin wannan kiɗa a kan wannan ƙirgen yake sauya kama. Sai ka saki na biyu a kan "ɗaya". In ka ji gangunan suna sukuwa kamar dokin da ya ƙi linzami, ɗayan ya yi gaba: ka taɓa gefen farantin kaɗan, sannan ka gyara maɓallin sauri. Kafin ka buɗe na biyu ga jama'a, ka rage masa bes, wato kaurin sautin ƙasa, gaba ɗaya. Bayan wani bugu 32 sai ka yi musanya, ka kashe bes ɗin na farko ka buɗe na biyu. Bes biyu a lokaci guda dagula sauti suke yi, kamar taɓo.

Akwai maɓallin da ke daidaita bugu da kansa. Ba laifi ba ne, amma ka rufe fuskar kwamfutar da ƙyalle na wata uku ka koya da kunne, domin ranar da manhaja ta karanta saurin kiɗa ba daidai ba, kunnen ne zai fitar da kai kunya.

Daga wata mai karatu, Fadaman Mada: Ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio. Na ɗauki kalangu da waya na ɗora a kan gangar hawus, amma sun ƙi zama tare, kamar kishiyoyi. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar'uwa, kin kama hanyar da ta fi kowace. Mai haɗa tekno a Balin ta Jamus ya fi ki kayan aiki, amma ba shi da makaɗin kalangu a bayan gidansa.

Matsala ta farko ƙirge ce. Yawancin kiɗan kalangu uku-uku yake tafiya, alhali manhajar tana raba kowane bugu gida huɗu. Idan kika danna abin da ke jan kowane sauti zuwa kan layi, kin karya wa kalangun ƙafa. Ki sauya layukan zuwa rabon uku, ko kuma ki bar hannun makaɗin yadda yake. Abin da ya fi shi ne ki sa masa hedifon yana jin gangarki a sauri 120, ya yi kiɗa a kai na minti biyar, daga baya ki yanko bugu takwas ko goma sha shida da suka fi zama.

Ta biyu ɗauka ce. Waya tana matse sauti tana kwaso amon ɗaki. Ki nemi makirfo ko da na masu wa'azi ne, ki ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗakin da ke da katifa da labule, a kashe fanka. Ki ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, kada allurar ma'aunin sauti ta taɓa jan layi.

Ta uku, kalangu yana da murya. Makaɗi yana matse tsarkiyar a hammata, sautin ya hau ya sauka, don haka yana iya karo da bes ɗinki. Ki yanke masa duk abin da ke ƙasa da hez 100, wato sautinsa mafi kauri, ki bar wa babbar ganga wannan wurin, sannan ki saita bes ɗin ya riƙa dusashewa duk lokacin da gangar ta buga. In za ki aika wa mai yi wa sauti gyaran ƙarshe, ki bar sarari kamar desibel 6 a ƙasa da iyaka a ma'aunin ƙarfin sauti.

Ki biya makaɗin, ku rubuta yarjejeniya ko da a fallen takarda ne, a gaban shaida. Ranar da kiɗan ya fita, dangi ba sa mantuwa.

Daga Tudun Wada, Gombe: Malam, sau biyu ƙananan sifikuna masu siririn sauti suna ƙonewa, kuma akwai wani gurnani da ba ya tafiya.

Amsa: Jan fitila a mikisa shi ke cin su. Idan sauti ya wuce iyaka sai ya daddatse, kuma wannan datsattsen sautin ƙananan sifiku yake dafawa. Ka tsaya a kore, rawaya jefi-jefi. Ka duba haɗin kuma: sifika biyu masu om 8 (ma'aunin tirjiyar lantarki) da aka jona tare a baki ɗaya na amfilifaya sun zama om 4, huɗu sun zama om 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure haka, balle a zafin Afrilu. Ƙaramin janareta na shago ba zai ɗauki bes ba. Ka lissafa wutar kayanka ka nemi wanda ya ninka ta, ka sa sitabilaiza a tsakani. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Gurnanin kuwa, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga wuta yake shigowa: ka jona duka kayan a soket ɗaya, ka koma waya mai baki uku ta XLR. Da hunturu kuma ka riƙa rufe mikisar, ƙura ce ke sa maɓallan ƙarar yashi.

Daga wani matashi, Wunti: Yallaɓai, tsakani da Allah, ana cin abinci da wannan sana'a?

Amsa: Ba da wuri ba, ƙanena. A nan bukukuwa, tallan rediyo da haɗa wa mawaƙa kiɗa su ne ke kawo cefane. Kada ka raina su, su ne za su saya maka kaya. Andagirawun suna yake ginawa, kuma a hankali.

Ka riƙa ɗaukar haɗin awa ɗaya duk wata kana ɗorawa a shafukan kiɗa na intanet irin SoundCloud ko Mixcloud, kuma ka guji faifan MP3 mai ƙaramin inganci da aka kwafo a 128 kbps, ka nemi mai 320 ko WAV, domin babbar sifika tana tona asirin ƙaramin faifai. Idan ka tara kiɗanka huɗu da ba ka jin kunyarsu, ka fitar da su tare a shafukan Bandcamp da Audiomack. In za ka aika wa kamfani, ka nemi ƙananan da ke fitar da irin naka, kamar Nyege Nyege Tapes na Kampala, waɗanda bikinsu na shekara ya faro a Jinja ta Yuganda a 2015. Kiɗa biyu ko uku sun isa, da gajeren bayani. A kowace yarjejeniya ka duba shekara nawa za su riƙe kiɗan da kason da zai zo hannunka.

Batun taro kuma, ka san garinmu. Ka fara da mutum talatin ko arba'in a rufaffen zaure, ka ji ta bakin mai unguwa da hukuma kafin ka buga sanarwa, ka kashe sauti lokacin salla, ka tashi a kan lokacin da ka yi alkawari. Ka zo da filashi biyu masu kiɗa iri ɗaya, dukansu an yi musu fomat a tsarin FAT32, ɗaya a na'ura ɗaya a aljihu.