Tambaya da Amsa: Layin da ke raba rasit ya ƙi fita daidai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa shagona manhajar fitar da rasit, firintar kuwa ƙarama ce mai takardar milimita 58. Na sa layin da zai raba jerin kaya da jimilla, amma sai ΓöÇ ke fitowa a jere, wani lokacin kuma layin ya karye ya sauko ƙasa. Ina gyaran yake? Mai shagon kayan masarufi, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ce ta haɗe maka. Irin waɗannan firintoci suna jin umarnin ESC/POS ne, tsarin da kamfanin Epson ya ƙirƙiro, kuma bayit ɗaya (wato lamba guda da ake tura wa firinta) harafi ɗaya suke ɗaukarsa. Kai kuwa ka tura alamar layin da UTF-8, tsarin da kwamfuta ke mayar da haruffa lambobi, inda take cin bayit uku, E2 94 80 (duk lambobin umarni a nan da tsarin hex aka rubuta su, ƙidaya mai tushe 16), sai firintar ta buga kowanne da harafinsa. Nan ΓöÇ ɗinka ya samo asali.

Fara da 1B 40 domin ta manta saitin baya, ka bi da 1B 74 00 wanda ke zaɓo PC437, teburin haruffan da ke da alamar layi a bayit ɗaya. Daga nan tura bayit C4 sau 32, ka rufe da 0A. In layi mai ninki biyu kake so, CD ne a madadin C4. Idan ka ga rubutun Sinanci ya fito, firintar tana kan yanayin Sinanci ne, tura 1C 2E bayan 1B 40, kafin sauran.

Karyewar kuwa lissafi ne kawai. Faɗin bugun takardar 58 ɗigo 384 ne, harafin Font A, rubutun da firintar ke bugawa a al'ada, na cin 12, ka ga 32 ke nan, ko ɗaya ka ƙara sai ya sauko. Takardar 80 galibi 48 take ɗauka, wasu 42. Kuma in ka ninka faɗin rubutun kan rasit, mayar da shi da 1D 21 00 kafin layin, ba haka ba 16 kawai zai shiga. Nan mutane suka fi faɗawa.

Mu dai mun fi son zana layin a matsayin hoto, don babu ruwansa da tebur: 1D 76 30 00 30 00 02 00, sannan FF sau 96. Wato bayit 48 a faɗi (30 a hex 48 ne, kowane bayit ɗigo 8), ɗigo 2 a kauri. Kada ka wuce ɗigo 3 ko 4 a firinta mai batir, baƙi mai kauri na jan wuta sosai, sai layin ya fito a dushe.