Makin jirgi ba ajiyar banki ba ne, Alhaji

Wani mai yadi daga Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Ina zuwa Guangzhou saro kaya a kai a kai. Na daɗe ina bin kamfanin jirgi ɗaya don in tara maki, ko da tikitinsa ya fi na sauran tsada da kamar dala 150. Na tara kusan maki 90,000, niyyata in kai maiɗakina Umara da su. Yanzu na tarar sun ƙara yawan makin da tikitin ke ci, wasu daga cikin nawa ma sun ƙone. In ci gaba da tarawa, ko in sayar wa wani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kuskurenka ɗaya ne: ka ɗauki maki, wato tukuicin da kamfanin jirgi ke tara wa fasinja a kan tafiyarsa don ya musanya da tikiti, tamkar kuɗin da ka ajiye, har kana biyan dala tsaba don ka same su. Kamfanin ne ke buga makin nan, shi ke yanke abin da za su saya, kuma a ƙa'idar da ka amince da ita ranar rajista ya riƙe wa kansa ikon canza lissafin duk sa'ad da ya ga dama.

Ba kai kaɗai abin ya taɓa ba. Delta da United na Amurka sun daina lissafa maki da nisan tafiya tun 2015, suka koma lissafi da kuɗin tikiti. Air France da KLM sun bi sahu a 2018. Qatar Airways ya mayar da makinsa Avios, irin makin da British Airways ke amfani da shi, a 2022. Turkish Airlines ya ɗaga makin da tikitin kyauta ke ci a farkon 2024. British Airways kuwa daga Afrilun 2025 ya ɗaure matsayin mamba, wato matakin gatan da fasinja ke samu, da kuɗin da mamban ya kashe, kusan fam 7,500 kafin matakin Silver, fam 20,000 kafin na Gold. Duk sun dosa wuri guda: wanda kamfaninsa ke saya masa kujerar gaba shi ake lallashi, ɗan kasuwa mai neman tikiti mafi araha ya koma bayan layi.

To mu yi lissafin da ya kamata ka yi tun farko. Daga Kano zuwa Guangzhou ta Adis Ababa, zuwa da dawowa, mil 14,000 ne ko kusa da haka. Tikiti mai rahusa ba ya ba da makin tafiyar cif. Akwai harafi ɗaya a jikin tikitin da ke nuna ajin kuɗin da ka biya, kuma harafin araha yakan ba da rabi, ko rubu'i, wani ma ba ya ba da komai. Mu ɗauka ka samu rabi, maki 7,000 ke nan. Masu bibiyar harkar sukan ƙiyasta maki ɗaya a kan santi ɗaya na dala ko sama kaɗan, wato dala 70 zuwa 100. Ka biya ƙarin 150 don ka karɓi abin da bai kai 100 ba, wanda kuma ba ka iya kashe shi sai a shagon mai shi. Da yaron shagonka ne ya yi wannan cinikin da yadi, da ka sallame shi. Inda ka riƙa zuba wannan 150 ɗin gefe a kowace tafiya, tafiya shida ta ba ka dala 900, kuɗin da kowane kamfani zai karɓa a kowace rana.

Kuma tikitin kyautar ma ba kyauta ba ne. Haraji da kuɗin filin jirgi, a wasu kamfanonin har da ƙarin kuɗin mai, duk da tsabar kuɗi ake biyansu. Kujerun da ake warewa masu maki 'yan kaɗan ne, kuma a lokacin da kowa ke so, kamar Umarar azumi ko baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba, sukan ƙare watanni kafin ranar.

Batun ƙonewa kuwa, kowa da dokarsa. A Emirates da Turkish makin na da wa'adin kusan shekara uku. A Qatar, sai asusun ya yi wata 36 ba motsi sannan su tafi. Ka tuna Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya daga ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Hanyar da ka gina shirinka a kanta tana iya rufewa makinka na zaune.

Ga abin yi. Ka buɗe asusun da kanka yau, ka duba wa'adin ragowar. Idan sun isa tikitin Jidda na mutum ɗaya a watan da ba cunkoso, ka yanka yanzu, ka cika ɗayan da kuɗi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Idan ba su isa ba, ka duba ko kamfanin na karɓar maki a madadin kuɗin ƙarin kaya, ka ƙarar da su a tafiya ta gaba.

Abin da ke da amfani ga mai saro kaya shi ne matsayin mamba, saboda awon kaya. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙawancen Star Alliance ne, don haka lambar mamba ɗaya tana aiki a kan ukun. Mai matsayin Gold a ƙawancen yakan samu ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20, sai dai wasu tikitocin mafi araha ba sa ciki. Ka kwatanta wannan da abin da kake biya na kaya a shekara. In ya rufe bambancin kuɗin tikiti, ka tsaya da ƙawancen. In bai rufe ba, ka bi duk jirgin da ya fi sauƙi, makin da ya zo ka karɓa.

Sayarwa kuma, ka cire ranka. Ƙa'idar kusan duk kamfanonin ta hana, kuma in sun gano sukan rufe asusun, su soke tikitin, wani lokaci mai sayen na tsaye a filin jirgi da jakarsa. Yanka wa iyalinka tikiti da makinka ya halatta, amma kai za ka shiga ka yi. Kada ka ba ejan ɗinka lambar sirrin asusun. Lambar mamba kawai yake buƙata ya sa a tikiti, kuma kafin ka biya ka tambaye shi harafin ajin, ka tabbata sunan da ke asusun ya yi daidai da na fasfo, ka adana takardar shiga jirgi har makin tafiyar su shigo.