Hanyar ƙauye da damina: amsar maigida ga yaron motarsa

Yaron ya ce: "Maigida, abokina ya gayyace ni ɗaurin aurensa a wani ƙauye bayan Auyo, cikin watan Agusta. Yayana ya ba ni aron Golf. Taswirar waya ta nuna mini wata hanyar yanke da za ta rage mini tafiya. In bi ta?"

Kada ka bi ta, ɗana. Waya ta san inda aka taɓa shata hanya, amma ba ta san ruwan da aka kwana ana yi ba. Kwalta ka iya ta, na gani da idona. Abin da ba ka koya ba tukuna shi ne abin da ke jiranka bayan ta ƙare.

Daga Kano hanya biyu gare ka. Ko ka fita ta Yankaba, ka bi Gezawa da Gujungu ka nufi Haɗeja, ko ka bi Wudil, Gaya, Jahun zuwa Kafin Hausa. Idan Juma'a ce, ka tuna kasuwar shanu ta Wudil tana ci, manyan motoci za su cinye maka lokaci. Kwana ɗaya kafin tafiyar ka leƙa tasha, ka tambayi direbobin da suka dawo daga can wacce ta fi lafiya a makon. Ka yi asubanci, ka cika tanki tun a birni, don man galan na bakin hanya ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka auna iskar safaya, ka jefa jak, shebur, igiya mai ƙwari da guntun katako a but. Katakon na jak ne, domin a jiƙaƙƙiyar ƙasa jak nitsewa yake yi maimakon ya ɗaga mota.

Yanzu ka saurare ni da kyau a kan yankin da za ka. Ƙasar Auyo fadama ce ta kogin Haɗeja. Ruwan kogin Kano da ya fito daga madatsar Tiga da na kogin Challawa su ne suke haɗuwa, su wuce ta Wudil, su gangara can. Saboda haka kana iya tarar da rana tana ƙwallewa, ba a yi ko yayyafi a garin ba, amma ruwa ya kwanta a kan hanya, don sama da Kano aka yi shi kwanakin baya. Agusta da Satumba ne lokacinsa. A ambaliyar 2022 hanyoyi da yawa sun yanke a Jigawa, wasu garuruwan sai da kwalekwale aka riƙa shigarsu.

Da ka sauka daga kwalta, tsaya ka yi sallama, ka gaisa, sannan ka yi tambaya. Amma ka iya tambayar. Idan ka ce "hanya tana da kyau?" za a ce maka lafiya lau, kuma ba ƙarya aka yi maka ba, mai ba ka amsar a ƙafa ko a babur yake binta kullum. Ka ce: "Yau mota ta wuce ta nan? Wace iri ce? Ta dawo?" Idan aka ce tarakta ce ko kanta, wannan ba shaida ba ce ga Golf, cikinta a ƙasa yake. 'Yan acaɓa sun fi kowa sanin inda kwalbati ya karye da inda ake zagayewa. In ka ga hanya ta rabu gida uku, ɗauki ɗan acaɓa ɗaya ya shige gaba, ka biya shi. Kuɗin nan bai kai rabin abin da za ka ba masu turi ba.

A burji ka rage gudu, birki ba ya kamawa a kan tsakuwa kamar yadda ka saba. Inda amalanke da tarakta suka haƙe sawu biyu masu zurfi, kada ka zura tayoyinka ciki. Tudun tsakiya zai daki ƙasan inji, in ya fasa inda baƙin mai yake taruwa tafiya ta ƙare a nan. Ɗora taya ɗaya a kan tudun, ɗaya a gefe, ka lallaɓa.

Yashi yana son giya ta biyu da totur ɗaya, ba ƙari ba ragi. Kada ka tsaya a tsakiyarsa, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi. In yashin mai tsawo ne, sassauta iskar tayoyi kaɗan don su baje, amma da ka hau ƙasa mai tauri ka nemi mai faci ya mayar. Taɓo kuwa santsi ne da shi, abin da ya fi ƙi shi ne birkin gaggawa. Idan mota ta kafe, ɗaga ƙafarka nan take. Duk totur ɗin da ka ƙara, kabari kake haƙa wa tayar, kana kuma ƙona kuloci. Gwada baya a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, fito ka yashe gaban tayoyin gaba, tunda Golf da gaba take ja, ka shimfiɗa rassa ko tabarmar ƙafa ta cikin motar, mutane su tura.

Ruwa shi ne wanda nake tsoro a kanka. Kada ka shiga ruwan da ba ka taka da ƙafarka ba. Naɗe wando, ɗauki sanda, ka ratsa har ƙetare, ka ji ko ƙasan tauri ne ko ya zaizaye. Idan ya wuce tsakiyar taya, ko yana gudu har kana jin yana jan ƙafarka, juya. In ya shigu, sa giya ta ɗaya, ka riƙe totur daidai, kada ka canza giya sai ka fita. Idan ta mutu a ciki, don Allah kada ka sake murɗa makulli. Inji ya shaƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska, ruwa kuma ba ya matsuwa, tayarwa ɗaya sai ƙarfen fistin ya lanƙwashe. A tura ta waje, a kira bakanike ya kwance fulogogi ya fitar da ruwan. In ka ƙetare lafiya, taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe.

Akwai kuma haƙƙin mutanen wurin, wanda direbobin birni suke yawan takewa. Da damina gero da dawa sun matso har bakin burtali. Kada ka kauce wa taɓo ka faɗa gonar mutum, abincin shekararsa ne kake bi ta kai. Ka tarar da garken shanu, tsaya ka bar makiyayi ya kora su, ba a danna musu oda. A cikin gari kuwa giya ta ɗaya, yara da awaki ba sa duba hanya kafin su fito daga lungu, kuma mutanen da ka watsa wa ruwan kwata su ne za ka nema in ka kafe a gaba.

Ka kira abokinka tun kana kan kwalta, kafin sabis ya ɗauke, ka gaya masa ta inda za ka shigo. Idan aka ce ruwa ya yi yawa, ajiye motar a ƙofar gidan mai gari ko wani gidan mai a bakin titi, ka hau acaɓa ka ƙarasa. Motar aro ce, amanar yayanka. Za su matsa maka ka tsaya cin tuwon dare, to ka zaɓi ɗaya: ko ka baro garin da la'asar ka hau kwalta da sauran haske, ko ka kwana ka taso da safe. Ruwan da ka ƙetare da hantsi ka sake taka shi da ƙafa kafin ka dawo ta cikinsa.