Feda Mai Kama Takalmi: Shin Sababbin Samfura Suna da Ƙarko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina hawan keke a duwatsun Kufena da hanyoyin bayan Samaru. Na sayi feda mai kama takalmi, sabon samfurin nan mai faffaɗan jiki, amma tun ba a je ko'ina ba ƙafata ta fara kuɓucewa a gangara, har na kusa kifewa. Mai gyaran kekena ya ce ƙarfen tafin takalmin, wanda fedar ke kamawa, jabu ne shi ya sa ya cinye, wai in kai wa mai walda ya ƙara masa kauri, sannan a ɗaure sifirin har ƙarshe. Sababbin nan ba su da ƙarko ne? Hankalina a tashe yake. Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, don girman Allah kada ka kai wannan ƙarfe wurin mai walda.

Game da ƙarko, bakin da ke kama takalmi bai canza sosai ba tun da kamfanin Shimano ya fito da tsarinsa na irin wannan feda mai suna SPD a 1990. Abin da ya canza shi ne jikin fedar, wanda aka faɗaɗa, aka sa masa ƙusoshi, aka kuma rage masa kauri don kada ya riƙa dukan dutse. Idan jiki ya sirance, boris ɗin ciki ma kan ƙanƙance, kuma a nan ne ƙurar hunturu da jar lakar daminarmu suke fara ɓarna. Shi ya sa har yanzu nake ganin girman tsohuwar fedar Shimano M520, domin ana buɗe ta a sake mata giris ta koma aiki. Fedar kamfanin Crankbrothers ta fi zubar da laka, amma tana son a riƙa sauya mata kayan ciki a kai a kai.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kullum sai na ji ta a bakin masu gyara. Cinyewar ƙarfen tafin takalmi ba alamar jabu ba ce. Da gangan kamfanonin Crankbrothers da Time suke yin nasu da tagulla, wadda ta fi ƙarfen fedar laushi, domin mai arahar ya cinye ya bar mai tsadar. Na Shimano baƙin ƙarfe ne, amma shi ma takawa a kan dutse da marmara yana cin gefensa. Wannan gefe kuwa da awo aka sassaƙa shi, yadda da zarar ka murɗa diddige waje sifirin zai buɗe ya sake ka. Mai walda bai san wannan awo ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ne. Idan ya ɗora masa ɗigon walda ya goge da faifai, mai yiwuwa ƙafarka ta daina kuɓucewa, amma ranar da tayar gaba ta zame a kan dutse, za ka murɗa ƙafa ta ƙi fita, ka faɗi da keken a maƙale da kai, gwiwa ko kafaɗa ta ɗauki nauyin duka. Ɗaure sifirin har ƙarshe shi ma gyaran gangar auzinawa ne, domin yana ɓoye cinyewar ne kawai, ya kuma ƙara wahalar fita. Abin takaici shi ne wanda yake ba da wannan shawara da ƙarfin gwiwa galibi bai taɓa sa irin takalmin nan a ƙafarsa ba, ya ɗauka duk abin da ya yi sako-sako maganinsa a matse shi.

Abin da za ka yi shi ne ka kifa takalmin ka duba. Idan gefen ƙarfen ya yi sumul ya dakushe, ka sayi sabo na kamfanin fedarka. Idan Shimano ce, ka karanta lambar da ke jikinsa: SH-56 an yi shi ne ya saki ƙafa ta fuskoki da dama, don haka yana iya sakin mai hawan gangara ba shiri, SH-51 kuwa sai an murɗa diddige gefe. Ka shafa wa notinan nan biyu da ke riƙe ƙarfen a tafin takalmi giris ka ɗaure su sosai, domin idan ɗaya ya faɗi, takalmin zai riƙa juyawa shi kaɗai, ƙarfen na maƙale a fedar, ƙafa ta kasa fita. Sannan ka sassauta sifirin, ka jingina da bango ka gwada shiga da fita da kowace ƙafa, ka riƙa ƙara ɗauri kaɗan kaɗan. Kada ka bari masu wankin mota su harba wa fedar ruwan inji, kada kuma a zuba mata baƙin mai, domin ƙura yake tarawa.