Hukuncin doguwar tafiyar ƙasa ga mutum shi kaɗai, da yadda zai yi sallarsa a hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ina da niyyar idan an gama kaka, an shigar da amfanin gona gida, in ɗauki jakar goyo da bargo da buta da ɗan guzuri, in bi gefen kogin Haɗeja a ƙafa ni kaɗai don in ga ƙasa da mutanenta. Ban yanke inda zan tsaya ba. Duk inda rana ta faɗi nan zan shimfiɗa in kwana, ko gari ko daji, idan na gaji in juyo. Wataƙila in kai Haɗeja inda gwaggona take aure, wataƙila ba zan kai ba. Wani malami a garinmu ya ce tafiyar haramun ce domin mai tafiya shi kaɗai shaiɗan ne, kuma ba ni da kasaru ko taimama tunda tafiyar saɓo ce. Mahaifiyata ma ba ta sake da maganar ba. Mene ne gaskiyar hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tafiya a bayan ƙasa don ganin ayoyin Allah da sanin halin jama'a halal ce a asalinta, kuma yin ta a ƙafa bai canza komai ba. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne faɗinka cewa ba ka yanke inda za ka tsaya ba, domin a kan wannan jimla hukuncin sallarka ya rataya.

A mazhabar Malikiyya kasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya ɗaura niyyar tafiyar barida 4, wato mil 48 a lissafin malaman fiƙihu, abin da ya kai kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Sharaɗin shi ne ya nufi wannan tazara tun daga fitarsa. Wanda ya fita bai nufi wani wuri ba, yau ya yi gabas gobe ya karkata arewa yadda ransa ya raya masa, shi ne malamai suke kira ha'im, kuma Shehu Halil ya ambace shi a Muhtasar tare da makiyayi mai neman ciyawa, ya ce ba sa kasaru sai idan sun san za su ƙetare tazarar kafin su tsaya. Saboda haka idan ka tafi a yadda ka siffanta, sallarka cikakkiya ce kullum, ko da ƙafarka ta kai ka har Nguru. Idan kuwa ka ƙulla a zuciyarka cewa Haɗeja ka nufa, tazarar daga Ringim ta wuce barida 4, sai ka fara kasaru da zarar ka fita daga gidajen garinku da lambunan da ake zama a cikinsu, kuma ba ruwan hukunci da cewa mota tana cin wannan tazara cikin sa'o'i kai kuma za ka ɗauki kwanaki. Shawarata ka nufi gwaggonka. Ka ga ka samu sada zumunci, ka kuma fita daga saɓanin da ake yi a kan mai tafiyar nishaɗi tsantsa, wanda Malikiyya suka karhanta masa kasaru. Ka lura da abu ɗaya: idan ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari a tsakiyar hanya, to zaman ya raba tafiyarka biyu, kowane yanki sai an auna shi shi kaɗai.

Maganar malamin garinku tana da tushe, kuma kada ka raina shi a kanta, amma ya kai ta inda ba ta kai ba. Hadisin da yake nufi ingantacce ne, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa: mahayi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu ne, uku su ne ayari. Buhari kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa da mutane sun san abin da Annabi (SAW) ya sani game da kaɗaici, da wani mahayi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Sai dai shi Buharin, a babin da ya kawo wannan hadisi, ya haɗa shi da labarin yadda Annabi (SAW) ya nemi wanda zai samo labarin abokan gaba a yaƙin Handaƙ, Zubairu ɗan Awwam ya tafi shi kaɗai. An aiki Huzaifa ma shi kaɗai cikin dare a wannan yaƙi, an kuma aiki Dihyatul Kalbi da wasiƙa zuwa ga sarkin Rum. Da kaɗaicin haramun ne a kan kansa, kamar giya ko zina, da ba a aiki kowa a hakan ba. Wannan ya sa Imamu Ɗabari ya ce hanin na ladabtarwa ne da shiryarwa saboda abin da ake ji wa mutum tsoro, kuma mafi yawan malamai a kan karhanci suka ɗauke shi. Ma'anar kiransa shaiɗan ita ce Shaiɗan yana kwaɗayinsa kuma yana samun ƙofa a kansa, domin idan ya yi rashin lafiya babu mai jinyarsa, idan ya mutu babu mai yi masa wanka da sutura, idan zuciyarsa ta raya masa ɓarna babu idon da zai ji kunya. An ruwaito daga Imamu Malik cewa hanin ya shafi tafiyar da ta kai ta kasaru ne, taka kuwa ta kai, don haka ba na ce maka karhancin ya faɗi ba. Abin da nake cewa shi ne abin ƙi bai mayar da tafiya ta zama ta saɓo ba. Tafiyar saɓo ita ce wadda aka fita dominsa, kamar ɗan fashi da ya fita tare hanya. Hana ka taimama kuwa kuskure ne ko da a kan maganarsa, domin taimama tana rataye ne da rashin ruwa, har mazaunin gari mai lafiya idan ya rasa ruwa yana yin ta don farilla.

Yanzu ga inda nake tare da shi. Kwana a daji kai kaɗai shi ne ainihin abin da hadisin ya fi tsoratarwa a kai, kuma idan zatonka ya rinjaya cewa wurin akwai ɓarayi ko wata halaka, hukuncin ya tashi daga karhanci ya koma haramci. Kada ka ce ai akwai waya, domin caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa a cikin fadama, kuma waya ba ta ɗaukar wanda maciji ya sara ta kai shi asibiti. Fataken da suke zuwa Gwanja sayo goro, da alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka suna shafe shekaru, sun fi ka sanin hanya, amma a ayari suke tafiya ƙarƙashin madugu. Ƙasar da za ka bi, ta Taura da Auyo, ba ta rasa ƙauyuka ba. Ka tsara yininka yadda la'asar sakaliya za ta same ka kusa da gari, ka yi sallama a ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka faɗi sunanka da garinku da inda ka nufa, ka nuna katin shaidarka, ka nemi zaure ko masallaci. A wannan zamani baƙon da aka gani da jaka yana laɓe a bayan gari da dare, 'yan sintiri ba za su tsaya tambayarsa niyyarsa ba, kuma hana kanka zargi wajibi ne a kanka. Idan larura ta sa ka sauka a fili, ka kauce wa kan hanya kamar yadda hadisin Muslim ya yi umarni, ka karanta “A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma halaƙa”.

Sauran hukunce-hukuncen yau da kullum gajeru ne. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma idan ka riske ta ka yi ta isar maka. Idan ka bi limami mazaunin gari ka cika. Haɗa azahar da la'asar, ko magariba da lisha, ya halatta a tafiyar tudu. Idan ruwan da ke butarka shi ne na shanka kuma kana tsoron ƙishirwa mai cutarwa, ka adana shi ka yi taimama, sabuwa ga kowace farilla, amma mai bin gefen kogi da wuya ya samu wannan uzuri, kuma sanyin hunturu kaɗai ba uzuri ba ne sai idan ana tsoron ciwo. Kambas da safar zare ba huffi ba ne a mazhaba, wato safar fata da ake shafa a kanta wajen alwala, ka cire ka wanke ƙafa. Rani lokacin lambu ne a fadamar nan, kada yunwar hanya ta sa ka tsinki tumatir ko rake ba da izinin mai shi ba, kada kuma ka mayar da kanka nauyi a kan talakawan da za su sauke ka alhali kana da guzurin dabino da ƙuli-ƙuli a jaka.

Maganar mahaifiyarka ka sanya ta a ƙarshen wasiƙa kamar ƙari, alhali ita ce za ta iya rushe duk abin da na faɗa. Tafiyar da ba ta wajaba ba ba a yin ta sai da yardar iyaye, kuma Annabi (SAW) ya mayar da wanda ya zo neman fita jihadi zuwa ga iyayensa, balle tattakin ganin ƙasa. Idan ta hana ka ƙarara ka tafi duk da haka, a nan ne maganar malamin garinku za ta zama gaskiya, ka zama mai saɓo da tafiyarka, kasaru ta faɗi. Ina kyautata zaton abin da ya tayar mata da hankali shi ne jin cewa ɗanta zai kwana inda dare ya yi masa. Ka je ka durƙusa ka gaya mata garuruwan da za ka kwana ɗaya bayan ɗaya, da cewa wurin gwaggo ka nufa, da cewa za ka kira ta duk magariba, sannan ka nemi ko aboki ɗaya cikin samarin garinku da zai raka ka, biyu sun fi. Idan ta sa albarka ka tafi, idan ta ƙi ka haƙura zuwa wata shekara.

Allah ne mafi sani.