Wane hedas ya dace da Hilux mai injin 2.7?

Malam, ka ce manifol ɗin salansar Hilux ɗinka mai injin fetur 2.7, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya tsage, kana so ka sa hedas a madadinsa, wato bututan da kowace silinda ke da nata don hayaƙi ya fita da sauƙi. Babu laifi, sai dai ƙarin ƙarfin kaɗan ne.

Tunda kaya kake ɗauka, nemi samfurin 4-2-1, wato bututu huɗu su haɗe su koma biyu, sannan ɗaya. Shi ke taimaka wa mota wajen hawa tudu da lodi. Samfurin 4-1 sai an taka inji sosai yake nuna amfaninsa. Ka duba farantin da ke manne da kan inji, kaurinsa ya kai milimita 10, domin siriri zafi na lanƙwasa shi, hayaƙi ya riƙa tsiyaya. Kuma lallai a samu ramin sensar oksijin, na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi don daidaita shan mai, in babu, motar za ta sha mai.

Wajen ɗaurawa, a jiƙa notocin da man sassauta tsatsa tun da daddare. Kan injin alminiyam ne, in ƙusar da noti ke hawa ta karye a ciki aiki ya ƙaru. A sa sabon gasket, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, in inji ya yi zafi ya huce a sake matsewa.